Shamar a Gidan Mai Tsire

Surukina tsire yake sayarwa a Misfala, wata unguwa a Makka, kuma ya fi shekara talatin a kan sana'ar kafin a kai ni gidansa. Larabawan Makka siriya suke ce wa abin. Sunan ya gagari bakinsu, naman bai gagara ba. Yana da rumfa a gefen hanyar da ke gangarowa daga Harami, da tukubar yumɓu, da wani gwangwanin yaji da shi kaɗai yake haɗawa, a ɗaki, ƙofa a rufe. Mijina, wanda shi ne ɗansa ɗaya da ya rayu, shi ke yanka naman yana jera shi a tsinke. Ni da Inna, uwar mijina, muna gida muna suyar gyaɗa, mu matse mai, mu soya ƙuli-ƙulin da za a daka a zuba a yajin. Duk gidan nama yake yi wa aiki. Ko mayafina na wanke na shanya, in ya bushe ƙaurin tsire yake yi.

Gidan ɗaki biyu ne na gwangwanayen kananzir da aka farke aka daddale da guduma, irin wanda yawancin mutanenmu ke zaune a ciki a lokacin. Akwai 'yar tsakar gida, an raba ta biyu da tabarmar kaba da aka rataya a igiya. Wancan ɓangaren na Baba ne, wato surukin nawa, da baƙinsa. Wannan na murhu ne da turmi da mu mata.

A Makka aka haife ni, kuma Larabcina ya fi Hausata sauri, amma kunyar surukai iyayenmu sun taho da ita tun daga ƙasar Kano a ƙafa, ko kaɗan ba ta zube a hanya ba. Shekarata biyu a gidan, ban da gaisuwar safe da nake yi a durƙushe ina kallon ƙasa, magana ba ta taɓa haɗa ni da Baba ba. In yana da saƙo, tabarmar yake gaya wa. Sai ya gyara murya ya ce, "Ruwan alwalar nan yanzu aka ɗebo shi daga randa." Tabarma ba ta cewa komai. Gobe dai ruwa ya zo da ɗumi.

Wata shekara, bayan Turawa sun gama yaƙinsu alhazai sun fara dawowa da yawa, aka yi yanka a Mina irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Mutanenmu suka yi ta kwaso naman hadaya ana shanyawa a igiyoyi. Baba ya ci nama da safe, ya ci da rana, ya ci bayan magariba, wajen wata guda. Wata safiya cikin Muharram ya tashi zai taka ƙasa ya kasa. Babban yatsan ƙafarsa ta dama ya kumbura ya yi ja yana sheƙi, ko bakin riga ya taɓa shi sai ka ji salati.

Aka kira wanzami ya yi masa ƙaho. Jini ya fita, kumburin ya zauna. Bayan kwana uku mijina ya ɗora shi a jaki ya kai shi wajen wani hakim Bahindi da ke bayan kasuwa. A can hakim likita ake nufi, ba mai sarauta ba. Ni ban je ba. Mijina ne ya ba Inna labari da suka dawo, Baba yana zaune yana yi masa gyara.

Hakim ya dubi yatsan, ya tambayi sana'ar Baba, da aka gaya masa sai ya daina tambaya. Ya ce sunan ciwon nigris, wasu kuma suna kiransa ciwon sarakuna. Wannan ɓangaren ya yi wa Baba daɗi, ya sa aka maimaita masa. Sannan hakim ya ce kwana arba'in babu nama.

"Kilishi fa?" in ji Baba.

"Nama ne."

"Ai ya bushe."

"Nama ne da ya bushe, ya Hajji."

"Hanta?"

"Ita ce kan gaba."

"Romo kawai, a tsame naman?"

Hakim ya ce duk abin da ya taɓa numfashi, da ruwan da aka dafa shi a ciki. Ya yarda da man shanu, muddin ba wanka za a yi da shi ba.

Mijina ya karɓi rumfa, Baba ya zauna a gida, ƙafa bisa matashi, an lulluɓe ta da farin ƙyalle. Ya hana a gaya wa kowa abin da hakim ya ce. Maƙwabta in sun zo dubiya, ciwon sarakuna kawai ake gaya musu, ba a kaiwa ga maganinsa.

Makon farko na yi tuwo da miyar kuka, na yi shinkafa da kubewa, na sake yin tuwo da miyar kuka. Kwanon Baba yana dawowa an ɗan taɓa gefe ɗaya. Wuyan rigarsa ya fara yi masa yawa. A kwana na takwas na ji ya gyara murya.

"Jakin da ya kai ni wajen hakim," in ji shi ga tabarma, "na ga an ba shi abu biyu daban-daban a yini ɗaya."

Washegari da asuba Inna ta tura mijina halaga, kasuwar da ake sauke kayan lambun da raƙuma ke kawowa daga Ɗa'ifa. Ta ce ya sayo duk abin da ba kuka ba ne ba kubewa ba. Mijina bai taɓa sayen kayan miya ba a rayuwarsa. Ya dawo da kwando cike da wasu abubuwa farare, kowanne kamar dunƙulen hannun ƙato, ɓawo bisa ɓawo irin na albasa amma masu kauri da jijiya. Daga samansu sanduna koraye sun miƙe, da ganye siriri kamar gashi.

"Mene ne wannan?" in ji Inna.

"Shamar."

Dukkanmu mun san shamar. 'Ya'ya ne ƙanana da ake saya a wajen mai kayan ƙamshi, a tafasa a ba jariri in cikinsa na murɗawa. Ba mu taɓa sanin yana da gindi ba. Mijina ya ce mai kayan ya gaya masa wani manomi mutumin Sham ne ya kawo irin Ɗa'ifa, sai da sanyi yake yi, kuma Misirawa da Shamawa ne ke saye.

"To kai me ya kai ka?"

"Na matsa shi da yatsa bai lotsa ba," in ji mijina. "Yana da nauyi. Duk halaga shi kaɗai ya yi kama da abin da za a sa wa wuƙa."

Inna ta ɗauki ɗaya ta juya, ta sansana, ta yanke hukunci cewa albasa ce, kawai ba a cire ta da wuri ba. Ta ce in yanka ƙanana in zuba a miyar kuka. Na yanka na zuba, da daddawa da barkono. Tun kafin miyar ta nuna na san ba a kan hanya muke ba. Daddawa tana ja gabas, shamar yana ja yamma, kuka tana tsakiya ta yi baƙi. Gidan gaba ɗaya ya ɗauki warin ɗakin mai jego.

Inna ta kai wa Baba. Na ji ya buɗe kwano, na ji ya rufe.

"An haihu a gidan nan ne ba a gaya mini ba?"

Da wasa ya faɗa, na sani. Amma shekarata biyu da aure ko ɓatan wata ban taɓa yi ba, kuma babu matar da ke shigowa gidan ba ta fara duba cikina kafin fuskata ba. Na zauna a gindin murhu ina tura gawayi da ba ya bukatar turawa. Inna ta fito da kwanon, ba ta dube ni ba. Ta koma wancan ɓangaren, na ji ta yi magana ƙasa-ƙasa, gajeriya. Daga nan har la'asar Baba bai ƙara ko tari ba.

Da la'asar ya gyara murya sau biyu.

"Hakim ƙafa kawai ya duba," ya ce. "Bai duba bakin ba. Da ya ga shi ma ya kumbura."

Iyakar ban-haƙurin ke nan, kuma ban taɓa jin ya yi wa wani ko rabinsa ba.

Warin miyar nan bai tsaya a gidanmu ba. Bayan katangarmu akwai wata tsohuwa Bamisriya da ta zo hajji da mijinta tun kafin a haife ni, mijin ya rasu a Mina, ita kuma ta ce ba ta ga dalilin komawa ba. Hajja muke kiranta. Da safe ta shigo ba sallama mai tsawo, ta tsaya a kan kwandon, ta ɗaga ɗaya daga cikin sauran kamar ta tsinci ɗan wani a hanya.

"Wa ya kashe ɗan'uwan wannan jiya?" ta tambaya da Larabci.

Na ce ni ce.

"Da me?"

Na gaya mata. Ta rufe ido na ɗan lokaci. Sannan ta naɗe hannun riga ta ce in ba ta wuƙa, in hura wuta, in kuma yi shiru.

Ta sare sandunan ta ajiye ganyen gefe. Ta ɓare ɓawon waje guda ɗaya, ta kankare gindin kaɗan, ba ta cire shi ba. Ta ce gindin ne ke riƙe da shi, in ka cire kowa ya kama gabansa a tukunya. Ta raba kowanne huɗu, daga sama zuwa ƙasa. Ta nemi tukunya mai faɗi, muka ba ta ta tagullar da aka kawo ni da ita, wadda ban taɓa ɗorawa a wuta ba. Ta zuba man shanu ludayi guda. Inna ta ce hakim ya ce kaɗan. Hajja ta ce hakim Bahindi ne, bai san kaɗan ɗin Masar ba.

Da man ya narke ya daina kumfa, ta jera yankan nan ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya kwanta a kan fuskar da aka yanka. Na ɗauki muciya zan juya, ta buge mini hannu.

"Bar shi, ya binti, 'yata. Ba miya ba ce."

Muka tsaya muna kallo. Ban taɓa tsayawa a gaban tukunya hannuna babu abin yi ba, sai na rasa inda zan ajiye shi. Can sai warin maganin ya fara janyewa, wani ƙamshi ya taso a madadinsa, mai zaƙi-zaƙi, kamar rake ya faɗa wuta. Ta ɗaga ɗaya da yatsa biyu, ƙasansa ya yi ja kamar bayan gurasa. Sai a lokacin ta juya su, ɗayan gefen ma ya yi. Ta tura su gefe, ta zuba albasa yankakkiya da tafarnuwa a tsakiya har suka yi laushi. Gishiri. Ruwa ɗan kaɗan, bai ko kai rabin yankan ba. Ta rufe tukunyar, ta sa na kwashe yawancin garwashin na rufe sauran da toka, ta ɗora garwashi uku a kan murfin.

"Yanzu fa?" na ce.

"Yanzu ki ba ni shayi."

Ta sha shayi, ta ba Inna labarin wani gida nasu a Masar, a bakin kogi, da ta ce ambaliya ta riga ta cinye shi, don haka babu amfanin kewarsa. Tukunya tana ta ɗan ƙara a hankali kamar mai barci. Sai da aka kusa kiran azahar ta buɗe. Ruwan ya ƙone ya koma wani romo mai kauri, yankan sun yi laushi har cokali yana shiga babu musu, amma kowanne yana nan a siffarsa. Ta matse lemun tsami, ta yayyanka ganyen nan siriri ta watsa a kai.

Baba ya ci rabi. A wannan makon rabi babban labari ne. Da aka fito da kwanon ya ce wa tabarma, "Ba laifi. Sai dai ba ya zama a ciki. Kafin la'asar an manta an ci."

Na kwana biyu ina juya maganar. Ran da muka matse gyaɗa, ina kallon tunkuza a turmi, wato abin da ke saura bayan mai ya fita, sai na gutsuri dunƙule guda na ajiye. Da safe kuma, mijina zai fita da gwangwanin yaji, na ce masa ina son abin da yatsu uku za su ɗauka. Ya ce shi ba zai iya ba ni yajin Baba ba, bai taɓa ba kowa ba, kuma ba zai fara ba. Sannan ya ajiye gwangwanin a bakin turmi, murfi a buɗe, ya tafi neman takalminsa da ke ƙafarsa.

Na yi yadda Hajja ta koya mini har zuwa wajen ruwa. A nan na dama tunkuzar a ruwan ɗumi na zuba, na barbaɗa yajin, na rufe. Da na buɗe, romon ya yi kauri ya yi launin ƙasa, mai ya taso a gefe-gefe yana ƙyalli, yankan shamar sun sha shi har ciki. Na ɗanɗana na ajiye cokalin. Na aika da shi da gurasa mai zafi.

Kwanon ya dawo a suɗe, an bi shi da gurasa har ba ya bukatar wanki.

Aka jima. Sai gyaran murya.

"Yajin nan na san mai shi."

Na daina motsi. Inna ma ta daina.

"An sa shi da wuri, citta ta ƙone. A ƙarshe ake barbaɗawa, bayan an sauke."

Daga ranar, kullum da safe nakan tarar da ɗan ƙullin yaji a takarda a ƙarƙashin tabarmar, ta ɓangarena. Hajja da ta ji abin da na yi wa girkinta ta ce haramun ne a sa gyaɗa a shamar, a Masar da an kai ni gaban alƙali. Washegari ta miƙo kwanonta ta saman katanga.

Kumburin ya fara saɓewa. Mun wuce kwana ashirin lafiya, sai baƙo ya sauka.

Ɗan garin su Baba ne, masaƙi, tare suka yi wasan ƙasa. Shekara huɗu da suka wuce ya bar gida a ƙafa da niyyar hajji. Ya yi tsinkar auduga a Sudan, ya yi jinya, ya haye teku a wani jirgin katako, ya taka gaɓar Jidda kwana tara bayan an sauko daga Arfa, ya fi wata guda a can kafin ya iya ƙarasowa Makka. Da Baba ya yi masa jaje ya ce ba komai, na baɗi ya zo wa da wuri. Dogo ne, ya rame ƙwarai, kuma hanya ta karɓe masa haƙora. Huɗu suka rage, babu wanda ke fuskantar ɗan'uwansa.

Baba ya aika rumfa a kawo tsire na tsokar bayan rago, mafi kyau, faranti guda. Bayan azahar Inna ta shigar da farantin ta ajiye gaban baƙo, ta ajiye wa Baba kwanonsa na shamar. Ni ina bayan tabarma ina tsintar shinkafar da na riga na tsince. Tabarmar kaba tana da ƙofofi in ka san inda za ka zauna.

Baƙo ya yi bismilla, ya zare yanka ɗaya ya sa a baki. Ya kai shi dama, ya kai shi hagu. Ya daɗe. Daga baya ya juya kai gefe, ya fitar da shi cikin ladabi, naman ko alamar rauni babu.

"Masha Allah," ya ce. "Ya yi taushi."

Sannan ya dubi kwanon Baba. "Wancan na gabanka fa?"

"Wani ɗan abu ne."

"Ƙamshinsa ba na ɗan abu ba ne."

Babu yadda mai gida zai yi. Baba ya tura masa kwanon. Baƙo ya gutsuri gurasa ya dangwala, ya ɗauki yanka ɗaya, ya narke masa a baki ba tare da ya nemi taimakon haƙori ba. Bai ɗago ba sai da ya ga gindin kwano. Baba yana zaune gaban farantin tsire, ya ɗauki tsinke ɗaya yana riƙe da shi kamar alƙalami.

"Wannan wane wuri ne a jikin rago?" in ji baƙo. "Kitsen wutsiya ne? Na ga ragunan ƙasar nan wutsiyarsu kamar matashi."

Baba ya juya tsinken da ke hannunsa. Daga inda yake zaune ana jin kiran sallar Harami, ba zai yi ƙarya ba. Kuma shekara talatin yana sayar da nama, ba zai ce wa abokin yarintarsa ganye ya ba shi ba.

"Daga Ɗa'ifa ake kawo shi," ya ce.

"Ai na ji ana yabon Ɗa'ifa tun a Sudan. A can ake kiwonsa?"

"A lambu."

"Shi ya sa. Na lambu daban yake."

"Daban yake," in ji Baba.

Ran nan gurasa da shayi Baba ya yini da su. Washegari na ninka girkin na aika da kwano biyu. Baƙo ya cinye nasa, Baba ya yi masa tayin ɗayan don al'ada, mutumin da ya yi shekara huɗu da yunwa kuwa ba ya gane tayin al'ada. A rana ta uku aka sake haka. Baba ya dubi farantin tsire, ya dubi ƙafarsa, ya ce bai kamata baƙo ya ci abinci shi kaɗai ba. Ya ci tsinke uku. Na ƙirga ta ƙofar tabarma.

Kafin gari ya waye yatsan ya koma yadda yake ranar farko, har da ƙari. Aka sake kawo jaki. Hakim, in ji mijina, bai yi faɗa ba. Ya ce kwana arba'in, daga yau.

Suna can wajen hakim, ni ina tsakar gida ina raba shamar huɗu-huɗu, sai baƙo ya yi sallama a bakin tabarma yana neman aron allura wajen Inna. Inna ta ce ya shigo, tsoho ne. Na jawo faifai zan rufe abin da ke gabana, ganyen ya leƙo ta ko'ina.

"Bar shi, 'yata," ya ce. Ya tsuguna ya ɗauki ɗaya yana dubawa. "Ashe haka yake da ransa."

"Ka sani ke nan?" in ji Inna.

"Tun lomar farko. Shekara huɗu ina cin ganye, akwai waɗanda na ci har yau ban san sunansu ba. Wane ganye ne zai ɓoye mini?"

"To me ya sa kake ta kiran wutsiyar rago?"

"Mutum ya tsufa yana sayar da nama, ka zo gidansa daga wata duniya, ka ce ganye ya ba ka?"

Inna ta dube shi. Sannan ta gaya masa abin da Baba ya hana a gaya wa kowa, tun daga kilishi har romo. Baƙo ya ajiye shamar ɗin a hankali. 

"Ashe abincin majiyyaci nake cinyewa," ya ce. Ya tashi ya fita, ya manta da allurar.

Da azahar aka shigar da farantin tsire da kwano biyu kamar kullum. Baƙo ya sa hannu ya ture farantin can gefe.

"Malam," ya ce wa Baba, "ni haƙorana ba su iya wannan ba, kai ma na ga ƙafarka ba ta iya shi ba. A mai da shi rumfa, masu haƙori da ƙafa su ci. Mu a bar mu da na Ɗa'ifa."

Baba ya dube shi, ya dubi tabarma, ta wajen da yake zaton Inna take. Bai tambayi wanda ya yi magana ba. Ya jawo kwanonsa.

Haka suka yi ta ci tare, kowa da kwanonsa, har arba'in ɗin ta cika. Babu ɗayansu da ya taɓa kiran sunan abin. Na Ɗa'ifa suke cewa. Wani lokaci na ji suna gardama a kan ko na yau ya kai na jiya ƙiba.

Zafi ya fara shigowa kafin kwanakin su ƙare. Shamar ɗin da mijina ke kawowa ya riƙa ƙanƙancewa yana yin jijiya, sai na daɗe ina zare masa zare kafin in yanka. Wata safiya ya dawo da kwando babu komai, mai kayan ya ce sauran duk sun yi fure, sai wani sanyin. Na gwada yin kabewa haka, na gwada gauta. Sun ci, ba su yi gardama a kai ba.

Baba ya koma rumfa da ƙafarsa. Nama sai ranar Juma'a yake ci, tsinke ɗaya, a tsaye, yana kallon wani wuri. Baƙo ya zauna da mu shekarar nan gaba ɗaya. Ya kafa 'yar masaƙa a bayan ɗaki yana saƙa ɗamarar da alhazai ke saye, da yamma kuma ya je rumfa ya zauna kusa da Baba suna lissafa mutanen garinsu, wa ya mutu, wa ake zaton ya mutu. Da lokaci ya yi ya hau Arfa. Ya dawo ya ce wurin ya fi yadda yake zato ƙanƙanta, kuma ya yi kuka tun daga azahar har rana ta faɗi.

Da zai tafi ya roƙi mijina ya samo masa irin abin, na shukawa. Mijina ya je halaga sau uku kafin mutumin Ɗa'ifa ya kawo masa cikin tafin hannu. Baƙo ya ƙulle a bakin rawaninsa. Ya zo bakin tabarma ya yi mini sallama, ya sa na faɗa masa yadda ake dafawa tun daga farko, yana maimaitawa a bayana kamar mai ɗaukar karatu. Da muka zo wajen kada a juya, ya sa na faɗa sau biyu, ya ce matarsa, in tana raye, nan ne za su samu saɓani.

Baba ya raka shi har inda motocin Jidda ke tashi. Ba mu sake jin labarinsa ba, ko ya kai gida ko bai kai ba. A lokacin haka ake tafiya.

Baba ya dawo wajen azahar, bai biya rumfa ba. Ya zauna a wurinsa. Shinkafa da kubewa na dafa ran nan, Inna ta kai masa, ta dawo da kwanon da la'asar ba a buɗe ba. Na juye wa Hajja rabi ta saman katanga, sauran muka ci ni da Inna.